Hajiya Marka da Tukunyar da Ta Ƙi Kamawa

Ina tsugune a inuwar wata bedi, a bakin hanyar da ta bar Dutsin-Ma ta nufi Kurfi, labarin ya iske ni. Tayar babur ɗina ce ta sace, mai faci ya ba ta iska ya shafe ta da ruwan sabulu, yana juya ta a hankali yana jiran inda kumfa za ta taso ta tona hudar. Hadari ya haɗo ta gabas bai sauko ba, gari ya yi irin shirun nan da ko tsuntsu ba ya son ya fara magana. Sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hinde ce, ɗiyar Hajiya Marka.

"Kawu, Inna ta cika."

Na yi salati, na ce, "Yaushe, Hinde?"

"Yanzun nan da hantsi. Ta sha kununta, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa. Shi ke nan."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban gama mayar da wayar aljihu ba mai facin ya ɗago kai, bai san abin da aka faɗa mini ba, ya nuna wata 'yar kumfa da ke kumbura tana fashewa a gefen tayar. Ya ce, "Ga ta nan, Baba. Ko tsinin allura ba ta kai ba, amma ta nan iskar ta fice duka."

Wurinta za ni a ranar. Ita ta aiko in zo, kuma a zatona na san a kan me. Saboda haka baƙin cikin da ya sauko mini bai zo shi kaɗai ba, tsoro na biye da shi, domin Marka ta tafi da wata magana tawa a bakinta. Wanda bai san ta ba ba zai gane nauyin wannan ba, sai na koma baya kaɗan.

Sunanta na yanka A'ishatu, amma da yake an haife ta tsakiyar damina, cikin ruwan da ya kwana ya wuni bai ɗauke ba, Marka ya bi ta har kabari. Taubashiyata ce, mahaifinta da mahaifiyata ciki ɗaya. Ita 'yar namiji, ni ɗan mace, don haka tun ina yawo ba wando take kirana bawanta. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare da furfurar da ta cika mini gemu duk ba su 'yanta ni ba. In na yi sallama a zaurenta sai in ji muryarta daga ciki: "Wa nike ji kamar bawana? Shigo, akwai itacen faskare." Ni kuma in ce na zo ne in ga ko tsohuwa ta gama narkewa cikin tukunyarta.

Sabulu take yi, baƙin sabulu na toka, kamar yadda ta gada wurin mahaifiyarta. Yadda take yinsa ne ban ga irinsa a wani wuri ba. In an yi Babbar Sallah an gama suyar layya, kowane gida da ke hulɗa da ita zai aiko da abu biyu: kakiden da ya daskare a gindin tukunyar suya, da tokar murhun gidan wadda aka yi watanni ana tarawa. Daga cikin Kurfi, daga Rawayau, daga Ɗantutture, har mu na Dutsin-Ma. Matan Fulani su kawo man shanu a madadin kakide. Ba ta haɗa na wani gida da na wani. Kowa da tukunyarsa, kowa da ranarsa. In aka ce mata wahala take ba kanta, a zuba duka a ganga ɗaya mana a raba, sai ta ce, "Kowa ya wanke da tokarsa. Wutar da ta dafa maka tuwo ita ta san dauɗarka."

Na sha zama in kalle ta. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi. Ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta danƙara toka, ta zuba ruwa, ta ɗora a kan duwatsu, ruwan ya riƙa ɗiga cikin kasko, ɗis, ɗis, ja kamar shayin da ya ji wuta. Wannan ɗigar ita ce muryar gidan. Ko ana tsakiyar hira, in aka yi shiru za ka ji ta, kamar wani na bayan ɗaki yana ƙirga abin da ba a gaya maka ba. Ruwan sama take tarawa a randuna don wannan aiki, ta ce na rijiyar unguwarsu zartsi gare shi, kashe kumfa yake. In ruwan tokar ya taru ta dafa shi ya ƙafe ya yi ƙarfi, ta tsoma gashin kaza. In ya zagwanye ya bar tsinken, to ya yi. Sannan ta narka kakide ta tace, ta riƙa zuba ruwan tokar kaɗan-kaɗan tana tuƙi da muciya, hayaƙi na cin idonta, har abin ya yi kauri ya saki jikin tukunya. Gwajin ƙarshe da harshe take yi. Ta ɗan lasa, in ya cije ta toka ta yi yawa, in ya yi santsi mai ya yi yawa. In bai ciza ba bai kuma yi maiƙo ba, sai ta ce, "Ya kama." Ta cura shi dunƙule-dunƙule ta jera a ƙwarya ta rufe da faifai, ba ta ba mai shi sai ya kwana biyu ya huce. "Sabon sabulu kamar sabon fushi ne," in ji ta, "wanda ya fara taɓa shi, shi zai ci."

Mu da muka ɗan leƙa kwalejin horon malamai an gaya mana abin da ke faruwa cikin tukunyar nan. Toka na ɗauke da wani gishiri mai kaifi, ɗan'uwan kanwa. In ya haɗu da mai a kan wuta sai ya farfasa shi, su rikiɗe su zama wani abu na uku da ba toka ba ne ba kuma mai ba. Kowace ƙwayar sabulu hannu biyu gare ta, ɗaya na riƙe maiƙo ɗaya na riƙe ruwa, shi ya sa take kama dauɗa ta miƙa wa ruwa ya tafi da ita. Na taɓa zayyana mata wannan ina zane a ƙasa da tsinke. Ta saurara har ƙarshe, ta ji daɗi ƙwarai, ta ce, "Ashe ɗan sulhu ne. Ruwa da mai ba su ga-maciji, shi ya shiga tsakani, shi ke ƙarewa wajen rabon faɗa." Tun daga ranar in ta ga sabulu ya zama ɗan guntu sai ta ce ɗan sulhu ya kusa.

Amma akan sami tukunyar da ba ta kamawa. Ba kullum ba, wata shekarar ma ko ɗaya ba a samu. A tuƙa har hannu ya gaji, mai ya taso sama ya kwanta, ruwan toka ya koma ƙasa ya kwanta, kamar mutum biyu a shimfiɗa ɗaya sun juya wa juna baya. Ita cewa take, ta tsinke. A nan ne sunan Marka ya sami wata inuwa da ba ita ta nema ba.

Ta farko da na sani ta gidan wani Alhaji Ɗanjuma ce, mai sayar da hatsi a Kurfi. Da tukunyarsu ta tsinke, Marka ta yafa mayafi ta je da kanta, ta gaisa da uwargidan, suka taɓa hirar duniya. Da za ta fito ta ce, "Ku riƙa duba tsohuwarku." Tsohuwar kuwa, mahaifiyar Alhaji, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, lafiyarta ƙalau a ido. Ba a gama cin soyayyen naman Sallar ba aka kai ta kushewa.

Magana ta zaga gari. Ni na zauna na samo mata dalili. Tsohuwar nan ita ce ke kwashe toka kowace safiya ta zuba a tulu ta rufe. Da ƙarfinta ya fara ja baya sai tokar ta riƙa kwana a waje, ruwa ya doke ta, ruwa kuwa in ya ratsa toka yakan tafi da kaifinta, toka marar kaifi ba ta kama mai. Na kai wa Marka wannan bayani ina murna. Ta ce, "To ai ka faɗa, bawana. Ni mi na ce? Na ce su duba tsohuwa." Hakan ya kwantar mini da hankali shekaru masu yawa. Gidan da mace ta kwanta ciwo tokarsa takan zo kaɗan, gidan da aka koma ƙona leda da roba don itace ya yi wuya tokarsa takan zo da wari. Na ce Marka karanta gida take daga murhunsa, ba wani abu ba.

Sai aka zo kan tokar Sani, wani matashin manomi a Ɗantutture, ƙaƙƙarfa, da matarsa da 'yan ƙananan 'ya'yansa, ba mai ko ciwon kai a gidan. Tokarsa busasshiya, ta karan dawa tsantsa, irin wadda ta fi kowace kaifi. Gashin kaza ya zagwanye nan take. Kakidensa fari tas. Tukunya ta tsinke. Marka ta sake ɗiga, ta sake narkawa, ta ƙara da mai daga nata, ta sake tsinkewa. Ina gidan a ranar. Na ga ta jingine muciya, ta rufe tukunyar da faifai, ta ɗora dutse, ta je ta yi alwala alhali ba lokacin salla ba ne. Wannan karon ba ta je gidan ba, don ba ta da wanda za ta ce a duba. Ta aika musu da sabulu daga nata rabon, ba ta ce uffan ba. Da damina ta kankama Sani ya fake wa ruwa a gindin wata tsamiya a gonarsa, aradu ta faɗo ta kashe shi.

Na juya wannan ta kowane gefe ban samo masa dalili ba, har yau. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Ni ban san gaibu ba, Allah kaɗai Ya sani. Ni dai tukunya nike tuƙawa. Wata ta kama, wata ta ƙiya." Babu abin da ta ƙi jini kamar a ɗauke ta mai duba. Wata mata ta taɓa zuwa mata da goro da turare wai a duba mata ko mijinta zai dawo daga ci-rani, Marka ta raka ta da muciya har ƙofar zaure tana cewa, "Sabulu nike yi, ba shirka ba."

Duk da haka tukunyar da aka ɗora wa dutse ba ta ɓoyuwa a gari irin namu. Wasu suka daina aikowa, suka koma sabulun soda da na kanti. Wasu kuma son sabulunta bai bar su ba, don shi ke kashe musu ƙuraje da makero da kyasbi, shi ake wa jarirai wanka da shi, tsoron ma kuma bai bar su ba. Wani dattijo a unguwarsu, ba zan faɗi sunansa ba don yana raye kuma za a karanta masa, dabara ta faɗo masa. Ya sa aka ɗebo tokar maƙwabcinsa Malam Iro ta katanga, aka kai wa Marka a matsayin tasa. Da sabulu ya huce ta aika masa da ƙwaryarsa da saƙo: "Ya kama sosai. Ka gaishe da Malam Iro, ka ce masa lafiyarsa ƙalau. Taka kuma sai ka kawo mu gani." Matar Malam Iro daddawa take dafawa, tokar gidan ko makaho ya san ta. Dattijon nan ya daɗe yana zagaye ta bayan masallaci don kada ya ratsa ta ƙofarta.

Wannan ita ce Markar da ake tsoro. Wadda muka sani ta fi ta yawa. A iya sanina babu macen da ta rasu a unguwar nan da ba hannunta ne ya wanke ta ba, da ganyen magarya da dunƙule ɗaya daga ƙwaryar gidan mamaciyar. Ba ta taɓa fitowa daga ɗakin wanka ta faɗi abin da ta gani ba. Matan da ke zuba mata ruwa sun ce in zobe ya ƙi fita daga yatsan da ya kumbura, kumfa take shafawa ta murza a hankali, tana yi wa gawar magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro, har ya zame ta miƙa wa magada. Jarirai ma ita ake kira wa wankan farko. Takan ce, "Sabulu ya tarbe ka, sabulu zai raka ka, kuma duka biyun ba kai za ka riƙe shi ba." Gidan da bai samu yin layya ba ba ta bari ya ji kunya, cewa take su kawo tokar kawai, mai ta san inda za ta samo. Ko ruwan wanki ba ta zubarwa a banza, waken bayan gidanta take yayyafa wa saboda ƙwari. Abu ɗaya kuma da kowa zai shaida, ba ta taɓa ɗaukar ko gutsure daga ƙwaryar wani ba. Wanda ya manne a muciya ma kankare shi take ta mayar wa mai shi.

To, bana bayan Sallah muka aika da namu kamar kullum. Maiɗakina, Hajiya Rabi, tun azumi take wani busasshen tari, tana ramewa, muna ta dafa sassaƙe ana cewa sanyi ne. Sai ga waya daga Hinde: "Kawu, Inna ta ce ka zo. Maganar sabulun gidanku ce, kuma ta ce ba ta waya ba ce."

Na shiga gida ina ƙoƙarin gyara fuska. Rabi na zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, mi Yaya Marka ta ce?"

"Gaisuwa ce."

"Gaisuwa ce ta sa ka shigo da takalmi ɗaya?"

Na duba ƙafata, gaskiyarta. Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. Da ya lafa ta ce, "In ta tsinke ne, ka faɗa mini da bakinka. Kada in ji wurin matan unguwa."

Ruwa ya sauko a ranar, ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. Na ce sai ya ɗauke, kuma ban matsa wa Ubangiji da addu'ar ya ɗauke da wuri ba. Ranar da ya ɗauke na tayar da babur, sai taya ta sace, sai waya.

Na iske mata sun gama wanka an sa ta a likkafani. An yi mata salla bayan azahar, jama'a har bakin titi, da waɗanda suka guje wa tukunyarta da waɗanda ba su guje ba. Dattijon nan mai tokar aro yana sahun gaba, hawaye na bin gemunsa. Ƙasar kabarin a jiƙe take, tana manne wa hannu. Ina zuba ƙasa ina roƙa mata gafara, rabin zuciyata kuma na can Dutsin-Ma wurin mai tari.

Da la'asar, masu gaisuwa sun ɗan ragu, Hinde ta leƙo zaure ta ce, "Kawu, in ka samu sarari." Ta kai ni rumfar sabulu a bayan gida. Ban taɓa shiga wurin nan Marka ba ta ciki ba. Wuta a mace, muciya a jingine. Ƙorai na gidaje a jere a kan katako, kowace da faifanta da ƙyallen da aka ɗaura mata na shaida. Tukunyar toka kuwa tana nan a kan duwatsunta tana ɗiga, ɗis, ɗis, ba wanda ya gaya mata an yi rasuwa. A kusurwa ga tukunya ɗaya an rufe da faifai an ɗora dutse.

Hinde ta ɗauke dutsen ta buɗe. Mai ya kwanta a sama, fari, a daskare. Ta karkata tukunyar, jan ruwan toka ya motsa a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Tamu ce?"

"Tata ce, Kawu. Tokar murhunta."

Can tsohon malami ya motsa a cikina, na ce, "Halan ruwa ya taɓa tokar."

"Ni na rufe ta da hannuna, a ɗaki take. Gashin kaza ya zagwanye. Ta sake, ta kuma sakewa, da kakiden ragonta, da man shanun da Fulani suka kawo. Ta ƙarshe ta lasa, sai ta yi dariya ta ce, 'To, Marka, yau layi ya zo kanki.' Ta ɗora dutse ta je ta yi alwala. Daga nan ta duƙufa kan na mutane, ba ta bar na kowa a tukunya ba."

Sannan Hinde ta jawo wata ƙwarya mai ƙyallen atamfar Rabi, ta ɗaga faifan. Dunƙule baƙaƙe masu sheƙi a jere zagaye, ƙamshin hayaƙin gidana na tashi daga cikinsu. A tsakiya akwai gurbi ɗaya, babu komai a ciki.

Hinde ta ce, "Abin da ta kira ka ke nan. Ta ce ita da ta wanke matan garin nan ba za a wanke ta da sabulun kanti mai ƙamshin alewa ba. Nata ya ƙi, na bara kuma ta rabar. Ta ce ubanta da uwarka tuwon murhu ɗaya suka ci, tokarka ita ta fi kusa da tata. Ta ce abin bawa na uwargijiyarsa ne, amma dai a tambaye shi, kuma baki da baki za ta tambaya, don ta ga yadda za ka ɓata rai." Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Ba ka iso ba, mata na jira, sai na ɗauka. Ita ba ta taɓa ɗaukar na kowa ba, Kawu. Kada ta tafi da shi a wuyanta. Ka ba ta?"

Na ce na ba ta. Na ce na ba ta duniya da lahira, da dunƙulen, da ƙwaryar, da murhun da ya yi tokar. Na zauna a kan turmi.

Sai da na numfasa Hinde ta ce akwai saura. "Ta ce in faɗa maka in ba ku gana ba. Naku ya kama, amma da ƙyar. Wuni ta yi tana tuƙi, har ta ɗauko dutse, sannan ya haɗu. Ta ce tokar cike take da ƙonannen sassaƙe. Ka bar dafe-dafen itace ka kai Hajiya Rabi asibiti, kada ka tsaya jiran ruwa ya ɗauke."

Ban gaya wa kowa a Kurfi cewa ruwa nake jira ba. Watakila dai ta san bawanta ne. Na bar wannan ma inda na bar na Sani.

Na koma gida kafin magariba da ƙwaryar ɗaure a bayan babur. Rabi na bakin ƙofar ɗaki, ta dubi ƙwaryar, ta dube ni. Na yi mata gaisuwar rashi, ta yi mini. Sannan na ce, "Ya kama."

"Malam."

"Da ƙyar."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Da ƙyar ma kamawa ce."

Washegari na kai ta Katsina. Likitoci suka ga abin da suka gani a ƙirjinta, suka yi mini faɗan jinkiri, suka ɗora ta kan magani mai dogon zango. A yanzu da nake wannan rubutu tarin ya ragu, bai tafi ba. Ƙwaryar na ƙarƙashin gado, muna ɗauka daga gefe, Rabi ta hana a matso da sauran su cike gurbin tsakiya. Hinde ta ce za ta riƙe sana'ar uwarta, amma a ganga ɗaya za ta haɗa tokar kowa, ta ce ita ba ta son sani. Ban ga laifinta ba.

Ya Allah, ga baiwarKa A'ishatu ta iso gare Ka. Ta wanke bayinKa ranar shigowarsu, ta wanke su ranar fitarsu, ta ga abin da ta gani ta rufe. Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa mutane, Ka wanke ta da ruwan rahamarKa wankin da ba ya barin tabo. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata amsar tambaya, Ka sada ta da iyayenmu da suka ci tuwon murhu ɗaya, a cikin Aljannar Firdausi. Ka ba Hinde da 'yan'uwanta da jikoki haƙuri da dangana, Ka sa albarka a hannun da ya ɗauki muciyar. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, har da ta ɗakina. Mu kuma da ba mu san ranar da za a ɗora wa tamu tukunyar dutse ba, Ka sa ta iske mu da alwala, ba mu riƙe da ko gutsuren wani. Amin.